Tsatsa da Kayan Ƙira a Birnin Zazzau

Tsatsa ita ce jan ɓawon da ke fitowa a jikin ƙarfe idan ya daɗe cikin danshi da iska. Takan fara ne da ɗige-ɗige ko jan fenti-fenti a fuskar ƙarfen, wanda ake iya gogewa cikin ɗan lokaci, idan kuma aka ƙyale ta sai ta ci ciki ta bar ramuka. Tun da aka fara ƙira a ƙasar Zazzau maƙera suke da hanyoyin kawar da ita daga kayan aikinsu da kayan da suke ƙera wa jama'a. Waɗannan hanyoyi sun sauya sau da dama, kuma kowane sauyi ya biyo bayan sauyin irin ƙarfen da ke shigowa maƙera da yadda ake samunsa.

Yadda tsatsa ke kama ƙarfe

Abu uku ne ke haɗuwa kafin a sami tsatsa: ƙarfe da ruwa da iskar oksijin. Idan babu ɗaya daga cikinsu ba ta samuwa. Ba lallai ne ruwan ya zama na sama ko na rijiya ba; raɓa da tururin da ke cikin iska sun isa, musamman idan danshin iska ya haura kashi 60 cikin 100. Gishiri yana hanzarta ta, shi ya sa gumin hannu kan bar shatin yatsu a kan wuƙar da aka ajiye ba a goge ba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ga ta da garas-garas, don haka ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Tana riƙe ruwa ne ma, ta ƙara buɗe wa kanta hanya.

Yanayin Zariya ya raba wannan matsala gida biyu. Damina kan kama daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. A lokacin marka, gatarin da aka jingine a bangon ƙasa yana iya yin ja cikin kwanaki kaɗan. Da hunturu kuwa iska kan bushe ƙarau, har ƙarfe ya yi watanni a waje bai canza ba. Saboda haka kula da kayan ƙarfe a birnin aiki ne mai lokaci, yana tsananta da faɗuwar ruwa, yana sassautawa da shigowar rani.

Zamanin ƙarfen tama

Sarrafa ƙarfe tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, an tono murhunan narka tama da suka haura shekara 2,000. A Dutsen Dala na Kano an sami kashin ƙarfe da aka ƙiyasta na ƙarni na 7 ne, kuma ruwayar gargajiya ta danganta mazaunan farko na wurin da Abagayawa, maƙeran da kakansu ya zo daga Gaya yana neman tama. A Zariya kanta, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da J. E. G. Sutton, sun tono wuraren narka tama a yammacin Samaru a shekarun 1970, waɗanda suka girmi ganuwar birni da ƙarnoni.

Tama ba wani abu ba ne illa ƙarfen da ya riga ya haɗe da oksijin a cikin ƙasa, wato ɗan uwan tsatsa. Shi ne ke ba marmara da jar ƙasar da aka gina ganuwar Zazzau launinsu. Aikin masu narka tama shi ne raba ƙarfen da oksijin. Sukan gina murhu na yumɓu a daji, su jera tama da gawayi bisa juna, su hura wuta har zafi ya kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyos. A wannan zafi ƙarfe ba ya zama ruwa, domin sai ya kai digiri 1,538 yake narkewa, amma gawayi yana janye oksijin daga tama, dattin dutse ya kwarara gefe, a bar curin ƙarfe mai kofofi. Maƙeri ne zai sayi curin, ya yi ta gasawa yana duka har ya fitar da sauran kashin da ke ciki.

Wannan aiki yana cin itace da ƙarfin mutane da kwanaki masu yawa, kuma da rani ake yinsa. Ƙarfen da aka samu da irin wannan wahala ba a barinsa ya lalace. Fartanyar da ta cinye ana mayar da ita maƙera a yi mata ƙari, ko a sāke ta ta zama lauje, laujen ya zama wuƙa, wuƙar ta ƙare a basilla. Kawar da tsatsa da wuri wani ɓangare ne na wannan tattali.

Maƙera da kayanta

Maƙera iri biyu ne a ƙasar Hausa. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe: garma, fartanya, gatari, gizago, lauje, wuƙa, mashi, linzami, likkafa da sarƙa. Maƙeran fari kuma suna aikin azurfa da tagulla da gaci, suna yin zobe da munduwa da warwaro da adon sirdi. A Zazzau, kamar sauran biranen Hausa, akwai Sarkin Maƙera, wanda a da shi ne tsani tsakanin fada da masu sana'ar. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a lardin Zariya a 1949 da 1950, ya bayyana yadda shugabannin sana'o'i ke tara haraji daga mutanensu tare da samar wa fada abin da take bukata. Ƙira gado ce, kuma maƙera Musulmi suna jingina asalinta ga Annabi Dawuda, wanda aka tausasa wa ƙarfe ya saƙa sulke.

Manyan kayan aikin maƙeri su ne uwar maƙera, wadda ake kafawa a gungumen itace ana duka a kanta, da masaɓa da guduma, da awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, da kurfi na yanka, da magagari na goga, da zugazugin fatar akuya. Gawayin ƙirya ne aka fi so, saboda yana daɗewa yana ci kuma wutarsa na da ƙarfi.

Yawancin waɗannan kaya ba su cika tsatsa ba muddin ana aiki da su. Fuskar uwar maƙera kullum tana shan duka, bakin awartaki kullum yana cikin wuta, rumfar kuma ɗumin murhu yana busar da ita. Bugu da ƙari, ƙarfen da ya fito daga wuta yana ɗauke da wani baƙin ɓawo siriri wanda ke manne masa sosai, yana ɗan kare shi daga danshi. Matsala kan taso ne da damina, lokacin da maƙerin da ke noma ya rufe rumfa ya tafi gona, ko ruwa ya yoyo ta jinka ya jiƙa ƙasan da aka zube kaya a kai.

Tsofaffin hanyoyin goge tsatsa

Hanya ta farko ita ce gurza. Ana ɗibar yashi mai laushi ko toka, a ɗan jiƙa, a sa tsumma ko guntun fata a yi ta cuɗa ƙarfen har jan ya fita. Toka ta fi dacewa da kayan da ba a son a karce, domin ta fi yashi laushi, kuma tana da kaifi irin na kanwa wanda ba ya taimaka wa tsatsa. Kayan yanka kuwa dutsen wasa wuƙa ne maganinsu: wasawar da za ta fito da kaifi ita ce ke share jan da ke bakin. Manomi ma ya san garmar da ta kwana rani a rumbu, kunya biyu ko uku za ta yi a gona ƙasa ta wanke ta fes.

Hanya ta biyu ita ce tsami. Ruwan tsamiya da lemon tsami suna narkar da tsatsa mara zurfi. Ana jiƙa abin a ciki ko a shafa masa, a bar shi ɗan lokaci, a goge, a ɗauraye. Maƙeran fari sun fi dogaro da wannan hanya wajen fito da hasken tagulla da azurfa bayan sun fito daga wuta. A kan baƙin ƙarfe tana bukatar lura, domin tsamin da ya cinye tsatsa zai ci gaba da cin ƙarfen idan ba a wanke shi ba.

Hanya ta uku ita ce wuta. Abin da tsatsa ta kama da yawa, kamar sarƙa ko gatari, ana mayar da shi murhu ya yi ja, a buga shi a kan uwar maƙera, ɓawon ya zube. Wannan sai maƙeri, domin wuta tana kashe taurin kayan yanka, dole a sake gasa su a tsoma a ruwa kafin su riƙe kaifi.

Bayan kowace hanya sai maiko. Man kaɗanya da kitsen dabba da man gyaɗa su ne aka saba amfani da su. Idan aka shafa mai a kan ƙarfe tun yana da sauran zafi, man yakan ƙone ya bar baƙin rufi mai sheƙi wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Maƙera a sassan duniya da dama suna yin haka har yau.

Kayan yaƙi da kayan hawa

Babu inda aka fi tsananta kula da ƙarfe kamar kayan yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410 kuma ya yaƙi Zazzau, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke dubban ƙananan zobba ne da aka sarƙa, kowace mahaɗa kuma maɓoyar danshi ce da gumin mahayi, don haka ba ya zama lafiya sai da girgiza da goga da mai. A Turai a zamanin da, cikin ganga ake jefa shi da yashi a yi ta mirginawa.

Ruwan takubba da yawa daga waje ake kawo su. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da kimanin 50,000 a shekara ta hanyar Sahara, galibinsu ƙirar Solingen ta Jamus, tare da allurai da asake. A nan gida ake yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube. Kube yana kare takobi daga ƙura da raɓa, amma jemammiyar fata tana shan danshi da damina, shi ya sa ake shafe ruwan takobi da mai kafin a mayar da shi, a kuma riƙa zaro shi lokaci-lokaci ana dubawa. Yaƙi ya ƙare, amma al'adar ta rage a gidajen sarauta. Idan Sallah ta gabato, kafin Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, ana fito da linzamai da likkafu da masu da takubba a goge su.

Ƙarfe a unguwar malamai

Limancin Kona tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Zariya, kuma an san ta da karatu. Limamin Kona ɗaya ne daga cikin mutum biyar masu zaɓen Sarkin Zazzau, tare da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a. A irin wannan unguwa ƙarfen da ake ta'ammali da shi ƙanana ne masu kaifi, kuma su ne tsatsa ta fi saurin ɓatawa.

Akwai 'yar wuƙar da malami ke fiƙe alƙalamin gamba da ita, wadda idan bakinta ya dakushe ba za ta tsaga kan alƙalami daidai ba. Akwai allura da almakashi, domin malamai da almajiran birnin Zariya sun daɗe suna haɗa karatu da ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna. Allura mai tsatsa tana cijewa a yadi, tana tsinka zare, tana barin jan tabo a farar shadda wanda wanki ba ya fitarwa. Maɗinki yakan soka ta a ƙasa mai yashi sau da yawa ko ya murza ta da toka tsakanin yatsu, sannan ya goga ta a gashin kansa don ta ɗauki ɗan maiko. Akwai askar wanzami, wadda ake wasawa a dutse a gyara a kan fata, a busar kafin a mayar da ita zabira. Akwai kuma wuƙar layya, wadda a gidaje da yawa sau ɗaya take fitowa a shekara. Tun da shari'a ta yi umarni da a kaifafa wuƙa don a sauƙaƙa wa dabba, kwanakin farko na Zulhajji lokaci ne na cikowa a wurin maƙera da masu wasa wuƙa.

Zuwan ƙarfen Turawa

Turawan Ingila sun kafa ikonsu a Zariya a 1902. Layin dogo ya ratsa garin ya isa Kano a 1911, daga baya Zariya ta zama mahaɗa, inda wani layi ya nufi Jos, wani kuma Gusau da Kaura Namoda. Jirgin ƙasa ya kawo sandunan ƙarfe daga masana'antun Ingila, waɗanda suka yi araha tun bayan da Henry Bessemer ya fito da sabuwar hanyar sarrafa ƙarfe a 1856. Ya kuma kawo abin da ya fi wannan tasiri, wato tsohon ƙarfe: guntayen dogo da ganguna, daga baya kuma sifirin da gatarin mota. Cikin shekarun da suka biyo baya narka tama ta mutu a yawancin ƙasar Hausa, domin babu mai shan wahalar daji alhali ga ƙarfe a kasuwa.

Sabon ƙarfen ya zo da tasa matsalar. Sifirin mota yana ba da wuƙa da gatari masu riƙe kaifi, amma da zarar an wasa shi ya yi fari, tsatsa na kama shi nan da nan. Langa-langa da ƙarfen ganga sirara ne, tsatsar da za ta tsaya a fuskar tsohuwar garma mai kauri su huda su take yi. Kayan aiki ma sun ƙaru. Garmar shanu da aka fara yaɗawa daga ƙarshen shekarun 1920, da keke, da keken ɗinki, da injin niƙa, sun kawo sifana da filaya da sukudireba da zarto da ƙusoshi masu zare, suka kuma haifar da sababbin masu sana'a: bakanike, mai gyaran keke, da mai walda.

Maganin ma ya canza. Kananzir ya zama abin jiƙa noti da ya cije, baƙin man mota ya maye gurbin man kaɗanya a rumfuna da yawa, samfefa da burushin waya da soson ƙarfe suka karɓi aikin yashi. Wasu dabarun kuma a masana'anta ake gama su: kwanon rufi ana lulluɓe shi da tutiya, hanyar da Stanislas Sorel ya yi wa rajista a Faransa a 1837, sannan a 1913 Harry Brearley na Sheffield ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa ta hanyar gauraya shi da sinadarin kuromiyam. Wuƙaƙen kicin da cokula na irin wannan ƙarfe sun cika kasuwa, amma guduma da kurfi da magagari da bakin injin huda har yanzu da ƙarfe mai tsatsa ake yin mafi yawansu, saboda shi ne ya fi tauri da araha.

Yadda ake yi a yau

A rumfar maƙeri ko shagon walda, goge tsatsa mara zurfi yana bin mataki huɗu. Da farko a wanke datti da tsohon maiko da kananzir. Na biyu a gurza, a fara da abu mafi laushi: tsumma da mai, sai soson ƙarfe, sai samfefa mai laushi, ba a kai ga burushin waya sai an ga dole. Idan jan ya ƙi fita, a jiƙa abin a ruwan kal ko ruwan lemon tsami na 'yan sa'o'i, a ɗauraye da ruwan da aka jefa wa 'yar kanwa don a kashe tsamin. Na uku a busar sarai, a rana ko a gefen murhu, domin ƙarfen da aka goge yanzu yana iya sake yin ja kafin magariba. Na huɗu a shafa mai siriri.

Kowane kayan aiki da abin da ya dace da shi. Magagari ba a sa masa samfefa, don za ta dakusar da haƙoransa. Ana bin layin haƙoran ne da burushi, a shafa masa alli, a ajiye shi shi kaɗai ba tare da ya gogi wani ƙarfe ba. Fuskar guduma da ta uwar maƙera, musamman a wurin maƙeran fari, ana son su sumul, domin duk ramin da ke jikinsu sai ya fito a kan azurfar da aka buga. Filaya da almakashi a mahaɗarsu ake ɗiga man keke a yi ta buɗewa ana rufewa har jan ruwa ya daina fita. Kayan awo kuwa mai da tsumma kawai ake sa musu, tun da gurza tana rage su ta ɓata awon. Wuƙar nama da askar wanzami ba a shafa musu baƙin mai sai man ci, ko da yake man gyaɗa yakan yi danƙo idan ya daɗe.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Ɗaya shi ne amfani da ruwan batir, wanda ke cin ƙarfe da hannun mai aiki baki ɗaya. Ɗayan kuma shi ne ɗora kurfi ko wuƙa a kan injin gurza har bakin ya yi shuɗi, alamar zafi ya kai wajen digiri 300 kuma taurin ya fara tafiya. Ciwon da aka ji da tsohon ƙarfe kuwa yana bukatar wanki da allurar rigakafin tetanus. Ba tsatsar ce ke kawo cutar ba, ƙwayoyin cuta ne da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi, waɗanda ke samun maɓoya a ramukan ƙarfen.

Ajiya ita ce ke rage yawan wannan aiki, kuma a nan rigakafi ya fi magani. Ana ɗaga kaya daga ƙasa a rataye su ko a jera a kan katako, a nisanta su da bangon da ke tsotson ruwa, da buhun taki, da gishiri. Masu kayan awo da na yanka sukan naɗe su a tsumma mai maiko su sa a akwati kafin damina ta kankama, su buɗe su duba a tsakiyar Agusta, sannan su sake shafa mai idan ruwa ya ɗauke.